Ƙasusuwan Wuya: Abin da Ake Faɗa da Abin da Hoton Asibiti Ke Nunawa

Mutum zai je asibiti da tari ko ciwon ƙirji, a ɗauke shi hoto, likita ya ambata masa cewa a gindin wuyansa akwai wani ƙashi da ba kowa ke da shi ba. Kafin ya isa gida maganar ta canza kama. Wani ya ce ƙashi ne ya goce, wani ya ce jifa ne, wata gwaggo ta ce a kai shi wurin maɗori a mayar masa. Alhali sau da yawa da abin aka haife shi, kuma da tarin bai kai shi asibiti ba, har ya tsufa ba zai san da shi ba.

Ana cewa mai dogon wuya ya fi mai gajeren wuya yawan ƙashi. Wannan ba gaskiya ba ne. Ƙasusuwan wuya 7 ne ga dogo da gajere, mace da namiji, tsawonsu ne kawai ke bambanta. Raƙumin dawa ma 7 ɗin gare shi. Cikin dabbobi masu shayarwa 'yan kaɗan ne suka saɓa wa wannan lissafi, ɗaya daga cikinsu ayu, dabbar ruwan nan ta kogin Kwara da Binuwai, mai guda 6. Matan ƙabilar Kayan na ƙasar Bama da Tailan, waɗanda ake yawo da hotunansu da zobban tagulla a wuya, su ma ƙashinsu bai ƙaru ba, bai kuma miƙe ba. Nauyin tagullar ne ke danne kafaɗu da haƙarƙarin sama, sai wuyan ya yi kamar ya ƙara tsawo.

Amma batun cewa ana haihuwar wasu da haƙarƙari a wuya gaskiya ne. Yana tsirowa ne daga ƙashi na 7, a gefe ɗaya ko duka biyun, wani cikakke, wani ɗan guntu da zare mai tauri a ƙarshensa. Kiyasin da likitoci suka fi ambata shi ne kusan mutum 1 cikin 100 ko 200, kuma an fi samunsa ga mata. Kada wannan ya sa a koma wa tsohuwar maganar nan ta cewa haƙarƙarin namiji bai kai na mace ba: ƙirga ya nuna 24 ne ga kowannensu, 12 a kowane ɓari. Mafi yawan masu haƙarƙarin wuya ba sa jin komai. Ga 'yan kaɗan ne yake matse jijiyoyi ko hanyar jinin da ke gangarawa hannu, sai a ji hannu na sagewa, musamman ta wajen ƙaramin yatsa, ko ya yi sanyi, ko ƙarfin damƙa ya ragu, ko naman gindin babban yatsa ya rame. Irin wannan akan fara da gashi da motsa jiki, in abin ya ƙi a yi tiyata a cire. Murza ba ta narkar da shi, shafe-shafe ma haka.

Tudun nan da kake ji in ka sunkuya ka shafa gindin wuyanka, shi ma ana yawan ɗora masa laifi. Ba ƙari ba ne, ba kuma farkon doro ba ne. Tsinin ƙashi na 7 ne, kowa na da shi, sai dai ga wasu na 6 ne ya fi fitowa, ga wasu kuma ƙashin farko na gadon baya. Zakaran wuya kuwa guringuntsi ne, kuma mata ma suna da shi, bai dai cika fitowa ba. Kumburin gaban wuya ko na gefe, irin maƙoƙo da kaluluwa, ba ruwansa da ƙashi.

Inda bambancin halitta ya fi yawa shi ne can sama, wajen ƙasusuwa biyu na farko. Na ɗaya zobe ne da kai ke zaune a kansa, na biyu yana da tsini wanda zoben ke juyawa a jikinsa, kuma kusan rabin waiwayen da muke yi a wannan mahaɗa yake faruwa. Ga wasu mutane zoben bai gama haɗewa ta baya ba tun daga ciki, har wanda bai ƙware ba ya ga hoton ya ɗauka karaya ce. Ga wasu, kuma suna da yawa, wata 'yar gada ta ƙashi ce ke rufe saman hanyar jinin da ke bi ta wurin. Akwai kuma waɗanda ake haifa da ƙashi biyu ko fiye a manne. Likitocin Faransa biyu, Maurice Klippel da André Feil, suka bayyana wannan a 1912, kuma da sunansu ake kiransa har yau. In ya yi tsanani akan ga gajeren wuya, gashi ya sauko ƙasa a ƙeya, waiwaye ya yi wuya. Yaro mai irin wannan ya kamata a duba masa ƙoda da zuciya da ji, don larurar takan zo tare da matsala a waɗannan. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba kuma yadda aka goya shi ba.

A 2019 labari ya zagaye duniya cewa wayar salula na sa matasa tsirar ƙaho a ƙeya. Tushensa wani bincike ne da aka buga a 2018 daga wata jami'a a Ostareliya, inda aka ga tsinin ƙashin ƙeya ya yi tsawo a hotunan wasu mutane. Tsinin an daɗe da saninsa, kuma masu binciken ba su auna yawan amfani da waya na ko mutum ɗaya ba. Daga baya mujallar ta fitar da gyara. Sunkuyawa kan waya na gajiyar da wuya, wannan kam haka ne, amma ƙaho babu shi. Dakon kaya a ka shekara da shekaru shi ne aka ga yana tafiya tare da saurin lalacewar gaɓoɓin wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne karya wuya da wasu masu aski da masu tausa ke yi wa mutane da sunan mayar da ƙashi. Ƙarar da ake ji iska ce a ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Ta cikin ramukan gefen ƙasusuwan wuya jijiyoyin jini biyu ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma fizgar ƙarfi takan iya tsaga ɗaya ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai ake samun haka ba, amma mai askin bai ga cikin wuyanka ba, bai san ko kana cikin masu raunin mahaɗar wuya ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

In an ga baƙon ƙashi a hotonka kuma ba ka jin komai, ka bar shi yadda yake. In kuwa hannu na sagewa, ko ƙafa na harɗewa wajen tafiya, ko wuya ya yi ciwo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, kada kowa ya juya shi ko ya ja shi. A tallafe kan, a kai mutum asibiti.