Idan kwamfuta ta daina ganin na'urar awon ruwan sama

A farkon damanar bara mun kai ziyara wata cibiyar yaƙi da jahilci a jahar Maraɗi. Mun tarar da magatakardan ƙungiyar manoma ya yi tagumi gaban kwamfuta. An kwana ana ruwa da iska, wuta ta ɗauke, kwamfuta ta mutu. Da wuta ta dawo ya kunna ta, amma lissafin ruwan bai fito ba. A ƙofa kuwa mutane na tsaye da sungumi da ƙwaryar iri, suna jiran a gaya musu ko ruwan ya isa shibka.

Tambayar tasu ba ta wasa ba ce. Masanan cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, suna ɗaukar damana ta kama idan aka samu milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma dogon fari bai biyo baya ba. Milimita ɗaya ita ce lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Wanda ya zuba hatsinsa a kan ɗan yayyafi, rana na iya ƙone tsiron, ya koma neman iri a lokacin da ya fi tsada.

Bari mu fara sanin yadda abin yake aiki. A waje, bisa dogon ƙarfe, akwai mazurari. Ƙarƙashinsa akwai ɗan cokali da ke karkata ya zubar duk sa'ad da ya cika. A na'urori da yawa, kowace karkatawa milimita 0,2 ce. Sai ya karkata sau 100 kafin a kai milimita 20. Lissafin nan yana zuwa wani ɗan akwati cikin ɗaki, mai batir nasa da wurin ajiya nasa. Daga akwatin ne waya ta tafi kwamfuta. Ke nan kwamfuta ba ta auna komi, karanta abin da akwati ya ajiye kawai take yi. Akwatin samfurin Davis yana riƙe layi 2560. Idan yana rubutu duk rabin awa, ajiyar kwana 53 ke nan. Saboda haka shirun kwamfuta na kwana ɗaya ko biyu ba asara ba ne, kada hankali ya tashi.

Akwatin za a fara dubawa. Idan fuskarsa na nuna lambobi, lafiyarsa lau. Idan ta yi duhu, a sake batir. Daga nan a duba ko an buɗe manhaja, wato tsarin da ke karanta akwatin, domin sau da yawa ba ta buɗe kanta bayan an kunna kwamfuta. Sau ɗaya ake buɗe ta. Idan biyu suka nemi akwatin a lokaci guda, ta biyun ba ta samun hanya.

A wannan cibiya duk waɗannan daidai suke. Matsalar tana wani wuri, kuma ita ce ta fi yawan ruɗa mutane. Kwamfuta tana ba kowace ƙofar da ake cusa irin wannan waya suna da lamba: COM3, COM4, haka dai. An riga an gaya wa manhaja cewa akwatin yana COM3, can kaɗai take zuwa sallama. Da muka bincika, ashe da dare samari sun zare wayar akwatin sun sa wayoyinsu na hannu caji, har batirin kwamfuta ya ƙare. Da safe suka mayar da ita, amma a wata ƙofa dabam. Kwamfuta ta ba akwatin sabuwar lamba, manhaja kuwa tana ta sallama a gidan da mai shi ya tashi. Magani biyu ne: ko a mayar da wayar ƙofarta ta da, ko a shiga saitin manhaja a zaɓi sabuwar lambar. Na farkon ya fi sauƙi. Mun kashe kwamfuta, mun mayar da wayar, mun kunna, mun ɗan jira, sannan muka buɗe manhaja.

Kafin a jawo lissafin, a dubi kwanan wata da agogon kwamfuta. Cikinta akwai wani ɗan batir mai kama da ƙwandalar dala, mai lamba 2032, shi ke riƙe agogo. Idan ya tsufa, kwamfuta na iya tashi da kwanan watan wata shekara da ta wuce, ta kuma ɓata agogon akwatin, ruwan Yuni ya shiga littafi a ranar da ba a yi shi ba. Kuma duk inda aka ga kalmar Faransanci "Effacer", a ɗauke hannu: ma'anarta gogewa, kuma abin da aka goge daga akwati ba ya dawowa.

Abin da ya ba mu haushi shi ne, waɗanda suka kafa na'urar ba su bar ko takarda ɗaya da Hausa ba, alhali magatakardan ya iya karatu sarai. Mun zauna da shi, ya rubuta matakan nan da hannunsa a bangon littafin ƙungiya. Mun kuma roƙe shi kada ya yar da tsohon ma'aunin ruwa na hannu, ya riƙa duba shi kullum da ƙarfe 8 na safe. Ƙura, ganye ko kashin tsuntsu kan toshe mazurari, kwamfuta ta nuna sifili alhali ƙasa ta jiƙe.

Ranar nan lissafi ya fito milimita 23. Kafin azahar gari ya watse zuwa gonaki. Magatakarda ya nemo jan fenti, ya ɗiga a gefen ƙofar da wayar akwatin ke shiga.