Pinpointer: 'Yar Na'urar Da Ke Ceton Tsofaffin Kwabbai Daga Kaifin Shebur

A Ingila, masu neman kwabban zamanin Rumawa a gonaki ba sa dogara da babbar na'urar gano ƙarfe kaɗai. Yankin kawai take nunawa, kuma sara ɗaya na shebur ya isa ya karce kwabo mai shekara 1,700, darajarsa ta zube.

Maganin haka shi ne pinpointer, 'yar na'ura mai siffar tocila, kamar Garrett Pro-Pointer mai batir 9V. Ana kunna ta nesa da ƙarfe, a zura cikin ramin. Tana matsowa kusa da kwabon, ƙararta da girgizarta na daɗa sauri. In aka kashe aka sake kunnawa daf da wurin, zangonta zai ragu, ta nuna ainihin inda yake. Sai a zaƙulo shi da yatsa.