Akwatin Da Ke Nuna Lambar Mai Kira

'Yan'uwa, akwai wani ƙaramin akwati da a kan haɗa da wayar tarho ta gida. Aikinsa shi ne ya nuna lambar mai kira tun ba a ɗauki wayar ba, ya kuma ajiye ta tare da lokacin da aka kira. An soma amfani da shi a Amurka wajen 1987. A can lambar ta kan iso tsakanin ƙara ta fari da ta biyu, don haka mai garajen ɗauka ba zai ga kome ba. Ba a ajiye akwatin kusa da ruwa, ba a kuwa taɓa waya mai igiya in ana tsawa.

Yau wayar hannu ta gaji wannan aiki, ga kuma inda mu ke so mu ja kunne. 'Yan damfara sun iya sa lambar ƙarya ta fito, har ta yi kama da ta banki. In mai kira ya nemi lambar sirri ta katinmu, ko ya ce mu aika da kuɗin taki maza-maza, sai mu kashe wayar. Mu nemi ma'ajin ƙungiyarmu a lambar da mu ka sani tun dā, ko mu taka mu je bankin da kanmu.