Tarihin Zane-zane: Ilmin da Ke Yanka wa Kayan Fasaha Farashi

A ƙarshen watan Fabrairu na 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wani zane mai suna Tutu a kan kuɗi fam miliyan 1 da dubu 200. Marigayi Ben Enwonwu ne ya zana shi a 1974. Zanen ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai a 2017 aka gano shi a wani gida da ke arewacin Landan. Kafin masana su tabbatar cewa aikin hannun Enwonwu ne, babu ɗan kasuwar da zai iya yanka masa farashi. Wannan tantancewa ita ce sana'ar wanda ya karanta tarihin zane-zane da sassaƙa a jami'a.

A Nijeriya akan koyar da fannin ne a ƙarƙashin sashen zane-zane, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Abin da ɗalibi ke koyo shi ne gane wanda ya yi aiki, da zamanin da aka yi shi, da kayan da aka yi amfani da su, da kuma hannayen da ya ratsa kafin ya iso ga mai shi na yanzu. Zai nazarci gumakan yumɓu na Nok, da tagullar Ife da Benin, har zuwa tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20.

Ƙofar aiki ta farko ita ce ta gwamnati. Hukumar Kula da Gidajen Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da na Legas da aka buɗe a 1957. Nauyin da ke kanta ya ƙaru tun da aka fara maido da kayan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,100, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119. Kowane ɗaya yana bukatar wanda zai yi masa rajista, ya binciki asalinsa, ya kuma adana shi.

Ƙofa ta biyu ita ce kasuwa. Kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon zane-zane a Legas a 2008, baje kolin Art X Lagos kuma ya soma a 2016. Dillalai da attajirai masu tara zane suna bukatar mai bambance sahihi da jabu, kamfanonin inshora kuma ba sa ɗaukar nauyin abin da ba a ƙiyasta darajarsa ba. Akwai kuma koyarwa da aikin jarida.

Sai dai ya kamata iyaye su sani cewa guraben gwamnati kaɗan ne, cinikin kuma ya fi ƙarfi a Legas, koyarwa a jami'a kuwa sai da babban digiri. Saboda haka ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni ya haɗa shi da sanin lissafin kuɗi da dokokin fitar da kayan tarihi, domin fitar da su ba da izinin hukuma ba laifi ne.

Shi kuma ɗan kasuwar da ke son zuba jari a zane, ya tuna cewa kuɗin da zai biya masani kafin ciniki bai kai asarar sayen jabu ba.