Kasuwa Ta Shigo Waya: Gargaɗi da Shawara ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Madawa, Buza da Keita

Ba a san mutanen Gobir Tudu da Adar da zaman banza ba. Matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni zuwa Maraɗi, da wuya ya wuce Madawa bai yi tsarabar kilishi ko tabarma ba. Albasar fadamun Tarka da Majiya, wadda ake tarawa a Sabon Gida da Tunfafi da Karofane da Tamaske, tana cika manyan motoci har Kumasi da Akara da Abijan. Ga kauɗar tumatir, ga gabu, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da mata ke yi a cikin gida, ga ragunan kiwo. Kaya kam akwai. Abin da ya daɗe yana cutar mai kaya shi ne bai san mai saye ba, mai saye kuma bai san shi ba, ribar sai ta maƙale a hannun na tsakiya.

Wayar salula ta fara rage wannan tazara tun kafin ta iya ɗaukar hoto. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don kawai ɗan kasuwa yana iya kira ya ji farashi kafin ya ɗora kaya a mota. Wannan aikin kira ne kaɗai. Yau wayar tana ɗaukar hoto da bidiyo da murya, tana kuma karɓar kuɗi. Sai dai fa a sani: mai saye daga nesa ba ya taɓa kaya, ba ya shinshinawa, ba ya ɗanɗanawa. Maganarka yake saye kafin ya ga kayanka. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan ta ginu.

Fara da waɗanda suka san ka

Kuskuren da yawancin matasa ke yi shi ne neman dubban mabiya a Facebook ko TikTok kafin su sayar da ko da ƙunshi ɗaya. Wasu har suna biyan kuɗi a ƙara musu mabiyan ƙarya, waɗanda ba sa cin kilishi, ba sa shimfiɗa tabarma. Alhali yankin nan yana da abin da wasu ke nema da kuɗi: kusan kowane gida yana da ɗa ko ƙane da ya tafi biɗa, a Yamai, Agadas, Kano, Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya. Waɗannan su ne masu sayen farko. Sun san ɗanɗanon kayan gida, suna kewarsa, sun san gidan da ka fito, kuma kowane ɗayansu yana da abokan zama da za su tambaye shi inda ya samo.

Saboda haka, tattara lambobin ƴan'uwa da ƴan garinku da tsofaffin abokan ciniki, ka roƙe su su ajiye taka lambar, domin hoton da ka ɗora a "status" na WhatsApp ba ya isa sai ga wanda kuka ajiye lambobin juna. Kada ka tura mutane cikin zauren talla ba tare da izininsu ba, kada kuma ka cika zauren zumunci ko na karatu da hotunan haja safe da yamma. Wanda aka dama da talla yakan toshe lamba, kuma da wuya ya sake buɗewa.

Mai son tsari ya sauke WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan ƴan kasuwa, kuma kyauta ne. A ciki za ka rubuta sunan sana'a da garin da kake da lokacin da ake samunka, ka jera kayanka kowanne da hotonsa da kuɗinsa, yadda baƙo zai duba da kansa ko kana gona.

Hoto na gaskiya, farashi a fili, magana da harshenka

Ɗauki hoton kayanka da kanka, da hasken safiya ko na la'asar, a wuri mai tsabta, bayan ka goge idon kyamara. Kada ka ari hoton wani daga intanet. Idan albasa ce, zazzage buhu a nuna har ƙasansa, a ga manya da ƙanana, a ga ko ta bushe wuyanta ya kame. Masu saye sun gaji da buhun da aka yi wa ado a baki. Idan tabarma ce, faɗi tsawonta da faɗinta, ka matso da waya a ga saƙar. Idan rago ne, a zagaya da shi yana tafiya, a buɗe baki a ga haƙora. Aibin da ka faɗa da bakinka yana ƙara maka daraja. Wanda mai saye ya gano bayan ya biya, shi ne zai bi ka har zauren garinku.

Sa farashi a fili. Al'adar "zo ta bayan fage mu yi magana" tana korar mai kunya da mai sauri. Rubuta kuɗin da lambobi, ka faɗi ko sefa ne ko naira ko sidi, domin mu nan da dala muke ƙirga: "ɗari biyu" a bakin mutumin Buza sefa 1,000 ce, baƙo kuwa zai ji 200. Faɗi ma'auni, ko tiya ce ko kilo ko buhu, kuma wane irin buhu. Faɗi ko kuɗin mota yana ciki.

Rashin boko ba ya hana wannan ciniki. Saƙon murya da Hausa ya fi rubutun Faransanci mai kuskure isa ga mutane. Cibiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, da saƙon murya a WhatsApp take amsa tambayoyin manoma cikin harsunan gida, kuma abin ya karɓu. Amma a taƙaita: sallama, sunan kaya, kuɗinsa, inda yake, yadda za a aika. Saƙon da ya kai minti biyar, babu mai ƙona forfensa ya saurare shi.

Kada kullum ya zama "ku zo ku saya"

Mutane suna komawa wurin wanda suke ƙaruwa da shi. Mai albasa ya nuna yadda ake jera ta a rudu, da yadda ake tsince ruɓaɓɓiya kafin ta shafi sauran. Mai kilishi ya nuna shanya da rufin da ke kare nama daga ƙuda, da yadda za a ajiye shi ya daɗe. Mai saƙa ta nuna yadda ake rina kaba. Mai kiwo ya faɗi abin da yake ba dabbarsa. Wanda ya ga hannunka a kan aiki ya san ba ɗan kayi-na-yi ba ne, ranar da buƙata ta taso kai zai tuna.

A kuma dage. "Status" awa 24 yake yi ya ɓace, don haka hoto biyu ko uku kowace rana sun fi talatin a rana ɗaya sannan a yi wata ba a ji ɗuriyarka ba. Bi kalandar sana'arka: albasa tana faɗuwa lokacin babban girbi a watannin Maris da Afrilu, ta tashi bayan damina ta yi nisa, don haka mai ajiya ya fara sanar da masu saye tun yana zubawa a rudu. Mai raguna ya fara nuna su wata biyu kafin Layya. Tela da mai turare su fara tun kafin azumi. Duba farashin da hukumar SIMA ke bayarwa na kasuwannin ƙasa, ka kuma kira abokai a Galmi ko Tawa kafin ka yanke naka.

Riƙe suna ɗaya da lamba ɗaya a ko'ina, ka haɗa da sunan garinku. Sunan wuri dukiya ne. Wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya taɓa neman a yi masa rajistar sunan albasar Galmi a matsayin mallakarsa, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin ya janye ya sauya suna. Duk mai aika ruɓaɓɓen kaya da sunan Madawa ko Tamaske, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya shafa wa maƙwabtansa.

Kuɗi da aike

Nan ne ake yawan ɓatawa. Ku yi magana ta ƙare kafin kaya ya tashi: nawa za a ba da kafin alƙalami, ta wace hanya, wa zai biya mota, wa zai ɗauki asara idan kaya ya lalace a hanya. Ku bar wannan yarjejeniya a rubuce ko a saƙon murya, kada a goge. Hanyoyin karɓar kuɗi suna da yawa: Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money, Flooz na Moov. Idan ka kai saƙo tasha, ko a Rimbo ko STM ko motar ɗan gari, karɓi takarda, ka ɗauki hotonta da na ƙunshin, ka tura wa mai kaya tare da lokacin isowa. Daga Keita ko Buza sau da yawa sai kaya ya fara kaiwa Tawa ko Madawa, saboda haka kada ka yi alkawarin gobe alhali jibi ne.

Mai aika kaya ƙetare ya riƙa bin labarin hanya. A 2021 an tashi ƴan albasa daga Agbogbloshie a Akara aka mayar da su Adjen Kotoku a bayan gari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyakoki, hanyoyin da aka saba bi suka canza. Irin wannan yana sauya kuɗin mota da kwanakin tafiya, albasa kuwa ba ta jira.

Hattara da ƴan damfara

Lambar wayarka ita ce rumfarka a wannan kasuwa, kuma akwai masu neman ƙwace ta da kayan da ke ciki. Ga dabarun da suka fi yawa.

Wani zai kira ya ce daga kamfanin waya yake, ko yana shirya taron ƙungiya, ko zai sa ka a jerin masu samun tallafi, ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, sai ya bi abokan cinikinka da ƴan'uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Kada ka ba kowa waɗannan lambobi, ko da muryar ta yi kama da ta wanda ka sani. Shiga saitin WhatsApp ka kunna kariya mai mataki biyu, ka sa lambar sirri da kai kaɗai ka sani.

Wani zai turo hoton rasit ko saƙo mai kama da na kamfanin aika kuɗi, ya ce ya biya, mota na shirin tashi, a yi sauri. Hoto ba kuɗi ba ne. Duba asusunka da kanka, ko ka je ofishin ka karɓa a hannu, sannan ka saki kaya. Haka nan mai cewa ya yi kuskure ya turo maka kuɗi, ka maido masa: duba tukuna ko wani abu ya shigo.

Akwai kuma "babban mai saye" da ba a taɓa gani ba, wanda zai yi odar mota guda ba tare da ya taya ba, sannan ya nemi ka fara biyan kuɗin takardu ko na kwastan. Mai saye na gaskiya yana tayawa, yana tambaya, kuma yana da wanda ya san shi. Nemi ɗan garinku da ke can ya je ya gan shi ido da ido. Masu cewa ka zuba jari a waya ya ninka cikin wata ɗaya kuwa, a tuna da irinsu, MMM, da ta rufe asusun mutane a Najeriya a ƙarshen 2016.

Idan an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ajiye saƙonni da lambar da rasit, ka sanar da kamfanin aika kuɗin nan take, ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi, ka kuma gargaɗi abokan cinikinka ta wata lambar. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan damfara ta hanyar na'ura. Amma dokar kaifi biyu gare ta: gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya dawo da ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Don haka kada ka ɗora hoton wanda kake bi bashi kana kiransa ɓarawo, kada ka kushe kayan abokin sana'a, kuma ka raba lambar ciniki da jita-jitar siyasa.

A haɗa kai, a kuma riƙe littafi

Ba kowace mai sana'a ce ke da babbar waya ba. Ƙungiyar mata masu saƙa ko masu man gyaɗa za ta iya sayen ɗaya daga asusun adashi, a damƙa wa mai amana, kuɗi kuma ya riƙa shiga da sanin mutum biyu ko uku. Matar da ba ta son fuskarta ta fita ba dole ba ne. Kaya da hannun da ke aiki sun isa. Iyaye da ke ba yaro waya ya yi musu talla su riƙa duba abin da yake faɗa da sunansu.

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, wuta tana ɗaukewa, rezo yana gudu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga matsala. Sayi littafi, ka rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa da garinsa da abin da ya saya da bashin da ke tsakaninku. A ƙarshen wata ka cire kuɗin forfe da caji da mota ka ga abin da ya rage, domin yawan masu yaba hoto ba shi ne riba ba.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa, da gidajen rediyon karkara, da limamai da masu unguwanni, su riƙa maimaita gargaɗin nan, musamman batun lambobi shida da rasit na ƙarya. Kai kuma mai sana'a, kada ka jira sai ka sayi waya mai tsada. Yau ɗin nan kunna kariyar lambarka, ɗauki hoton kaya ɗaya, sa masa farashin gaskiya, ka aika wa mutum goma da suka san ka. Idan kayan ya isa kamar yadda ka faɗa, su za su kawo maka na sha ɗaya. Allah Ya sa albarka a nema.