Yaushe Zangon Ƙarshe na Motsin Ƙasa Ya Fara? Misali Daga Turkiyya

Gabatarwa

Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa ɓawon duniya a rarrabe yake falle-falle, kuma fallayen nan kullum cikin tafiya suke, ko da yake tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara. Inda suka yi karo, nan duwatsu ke tasowa, ƙasa ta tsage, a sami girgizar ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tantance lokacin da zangon ƙarshe na wannan motsi ya fara a wani yanki.

Ma'ana

Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Obruchev, shi ne ya ƙirƙiro kalmar niyotektonik a shekarar 1948, wato nazarin sabon motsin ƙasa. Da farko an ɗaure ma'anarta da ƙayyadadden zamani guda na tarihin duniya. Daga baya aka lura cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: yayin da wani yanki ya daɗe da lafawa, wani kuwa yanzu yake tsakiyar motsi. Saboda haka masana da yawa suka koma ga cewa zangon ƙarshe yana farawa ne daga lokacin da irin matsi ko jan da ke aiki a yankin a yau ya kafu.

Misalin Turkiyya

Fallen Larabawa yana tafiya arewa, har ya yi karo da na Turai da Asiya a yankin Bitlis, kudu maso gabashin Turkiyya. Wannan matsi ya sa ƙasar Anatoliya tana zamewa yamma da kimanin santimita 2 a shekara, tsakanin manyan tsagogi biyu, wato Tsagar Anatoliya ta Arewa da ta Gabas.

Masanin nan Celal Şengör ya ɗauki karon a matsayin mafari, kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce. Wasu kuma suka ce sai kimanin shekara miliyan 5, lokacin da tsagogin biyu suka kafu sosai. Ɗaya daga cikin hujjojinsu lissafi ne. A wasu wurare tsagar arewa ta raba duwatsun da asali a haɗe suke da tazarar kilomita 85 ko kusa da haka. In aka raba wannan tazara da santimita 2, sai a sami shekara miliyan 4 da 'yan kai. Masu ra'ayin farko suka amsa da cewa tsagar ta fara ne a hankali daga gabas, kana ta miƙa yamma tana ƙara sauri, don haka lissafin ya rage mata shekaru. Ke nan saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan abin da za a kira mafari, ko sanadin ko kuwa bayyanar sakamakonsa.

Kammalawa

Amfanin wannan tantancewa a fili yake. Tsagar da ta motsa a cikin zangon da ake ciki tana iya sake motsawa, alhali wadda ta daina tun zangon baya haɗarinta kaɗan ne. Girgizar Erzincan ta 1939 da ta Izmit ta 1999 duk a kan tsagar arewa suka auku, ta 6 ga Fabrairu, 2023 kuwa, wadda ta hallaka fiye da mutum 50,000, a kan ta gabas. Da irin wannan sani ne ake zaɓen inda ya dace a gina madatsar ruwa ko asibiti, da kuma irin ƙarfin da ginin zai buƙata.