Yadda Mota ke Tsare Tururin Man Fetur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai a Tsafe da rana tsaka lokacin bazara ya san warin da kan tashi da zarar an buɗe murfin tanki. Wannan wari tururin fetur ne. Kalmar tururi a nan aro ce daga na tukunya, domin shi fetur ba ya jiran wuta, zafin rana ma ya ishe shi. Abin da ke tashin kuwa mai ne da aka saya da kuɗi, kuma yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda yawan shaƙarsa kan haddasa sankarar jini.

Tun daga shekarar 1971 dokar Amurka ta tilasta wa maƙera motoci tsare wannan tururi. Dabarar ita ce a rufe tanki ruf, sannan a ja siririn tiyo daga samansa zuwa wani gwangwani cike da gawayi. Gawayin ba irin na murhu ba ne. An sarrafa shi ya zama mai ɗimbin ramuka waɗanda ido ba ya gani, su ne ke kama tururin su riƙe shi muddin mota na tsaye. A motocin zamani, idan inji ya tashi ya ɗauki zafi, sai kwamfutar mota ta buɗe wani bawul. Zuƙar inji ta jawo iska ta ratsa gawayin, ta kwashe tururin zuwa cikin inji, ya ƙone tare da sauran mai. Gawayi ya koma fayau, yana jiran wani.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen shan mai. Akwai direbobin hanyar Gusau zuwa Funtuwa da kan girgiza mota bayan famfo ya katse, wai don tanki ya ƙara ci. Wannan kuskure ne babba. Mai kan malala ta cikin tiyon ya jiƙa gawayin, alhali tururi aka yi shi ya kama. Daga nan sai mota ta riƙa wari, tana wahalar tashi bayan an sha mai.

Haka nan idan murfin tanki ya ɓace aka cusa tsumma ko leda. Motocin zamani na Amurka da ke shigowa ta Kwatano suna gwada kansu, su kunna fitilar gargaɗi a gaban direba idan tururi na zurarewa. Sau da yawa sabon murfi kaɗai ke maganin wannan fitila, ba sai an kai wa bakanike ba.